Gawayi da Tafki: Tarihin Wata Sana'ar Zane a Faransa

A tsakanin shekarun 1850 da 1890 wata sana'a ta bunƙasa a Faransa wadda a yau ba kasafai ake tsayawa a kanta ba idan ana ba da tarihin zane-zanen ƙasar, wato zanen shimfiɗar ƙasa da gawayi a kan takarda, babu launi ko ɗaya sai baƙi da fari da abin da ke tsakaninsu. Masu wannan aiki sun kai ga samun suna nasu na kansu, ana ce wa ɗayansu fusainiste, daga fusain, sunan da Faransawa ke kiran sandar gawayin zane da shi, kuma sun riƙa kai ayyukansu babban baje kolin zane na birnin Faris da ake kira Salon, suna rubuta littattafan koyarwa, suna tara ɗalibai. Cikin duk abubuwan da suka zana babu wanda suka fi komawa gare shi kamar tafkin karkara, ruwa kwance da itatuwa a bakinsa, sararin sama kuma ya bayyana a cikinsa. Wannan haɗuwa ta gawayi da tafki tana da dalilai da za a iya bin sawunsu, wasu daga halin gawayin kansa, wasu daga halin ƙasar da aka zana, wasu kuma daga bukatar mutanen birni da ke sayen zanen.

Gawayi yana cikin tsofaffin abubuwan da ɗan Adam ya yi zane da su, kuma ƙasar Faransa tana riƙe da shaida mai ƙarfi a kan haka, domin dawaki da zakuna da karkanda da ke bangon kogon Chauvet a yankin Ardèche, wanda aka gano a watan Disamba na 1994, da gawayi aka zana da yawa daga cikinsu kimanin shekaru 36,000 da suka wuce. Amma tsufa bai ba shi daraja ba. A ɗakunan aikin masu zane na Turai ya shafe ƙarnuka yana matsayin bara, wanda ake fara aiki da shi sannan a kawar da shi. Cennino Cennini, mai zane ɗan Italiya da ya rubuta littafin sana'a wajen shekarar 1400, ya bayyana yadda ake yin sa: a yanka siraran rassan itacen da Faransawa ke kira saule, mai tsirowa a bakin ruwa, a ɗaɗɗaure su, a zuba a sabuwar tukunya, a liƙe murfinta da yumɓu don kada iska ta shiga, a kai wa mai gasa burodi da yamma ya sa a tanda har wayewar gari. Amfanin wannan gawayi a wurinsa shi ne a tsara siffa da shi, idan ta yi daidai a bi ta da tawada, sannan a kakkaɓe ƙurar da gashin tsuntsu. Haka kuma masu zanen bango sukan huda ƙananan ramuka a kan layukan babbar takarda, su buga garin gawayi a kai, ɗigon ya fito a jikin bango ya zama jagora. An sami waɗanda suka bar zanen gawayi a matsayin kammalallen aiki, kamar Albrecht Dürer na Jamus da ya zana mahaifiyarsa da shi a 1514, sai dai irin wannan bai zama al'ada ba, kuma dalilin a fili yake: gawayi ba ya ɗauke da mai ko ƙaro da zai manna shi, ƙura ce kawai zaune a kan takarda, hannun riga ma yana iya share aikin yini guda.

Shi ma zanen shimfiɗar ƙasa a can ƙasa yake a ma'aunin masana. Makarantar zane ta sarki, wadda aka kafa a Faris a 1648, ta jera nau'o'in zane bisa daraja, kuma a jerin da André Félibien ya tsara game da laccocin 1667, labarin tarihi da na addini ne a sama, hoton mutum na biye, sai dabbobi, sannan shimfiɗar ƙasa, wadda ba ta fi komai ba sai zanen 'ya'yan itace da furanni. Ko da aka kafa gasa ta musamman domin ta a 1817, wadda ke kai mai nasara karatu a Rum, sharaɗin shi ne a sanya wani labari na mutanen da a cikin itatuwan, ta yadda daji da ruwa za su zama dandali kawai. Abubuwa biyu suka taimaka wajen sassauta wannan ra'ayi. Na farko shi ne komawar matasa ga masu zanen Holan na ƙarni na 17, irin su Ruisdael da Hobbema, waɗanda suka zana fadamunsu da injinan niƙansu ba tare da jingina su da wani labari ba. Na biyu shi ne Salon na 1824, inda ɗan Ingila John Constable ya sami lambar zinare da zanen amalanke tana ƙetare rafi a ƙauyensu.

Matasan da suka ɗauki wannan darasi sun sami wurin aiki a gandun dajin Fontainebleau, mai nisan kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Faris, wanda sarakunan Faransa suka daɗe suna farauta a cikinsa. Ƙauyen Barbizon da ke gefensa ya zama mazauninsu, masaukin iyalin Ganne ya zama wurin kwana da cin abinci mai sauƙin kuɗi, daga baya kuma aka riƙa kiran rukunin da sunan ƙauyen. Théodore Rousseau, wanda alƙalan Salon suka yi ta mayar da ayyukansa tun daga 1836, ya tare a can a ƙarshen shekarun 1840, Jean-François Millet ya iso a 1849, a shekarar da jirgin ƙasa ya fara isa yankin daga Faris. Tun kafin nan wani tsohon soja mai suna Claude-François Denecourt ya fara share hanyoyin ƙafa a cikin dajin yana sa musu alama da shuɗin fenti, yana buga littattafan jagora, don haka da zuwan jirgin sai ma'aikacin ofis na Faris ya iya wuni a daji ranar Lahadi ya kwana a gidansa.

Akwai wani abu game da ƙasar wannan daji da ya kamata a fahimta kafin a gane matsayin tafki a cikinsa. Fontainebleau wuri ne na yashi, ruwan sama yana nutsewa da zarar ya sauka, koguna kuwa sai a gefensa. Sai dai a saman tuddai akwai shimfiɗaɗɗun falalen dutse da ruwa ba ya ratsawa, kuma a ƙwarin waɗannan duwatsu ne ruwan sama ke taruwa ya zama abin da Faransawa ke kira mare, wato ƙaramin tafki marar zurfi wanda ba kogi ne ke ciyar da shi ba, kusan irin kududdufin da ke cika da damina ya ja baya da rani. Kowannensu yana da suna, kamar Mare aux Fées kusa da ƙauyen Marlotte, kuma da yake ruwa ba shi da yawa, nan ne shanun ƙauye ke sha, nan namun daji ke sauka, nan ne kuma itatuwa ke buɗewa haske ya shigo. A cikin kurmi mai duhu mai zane yana fama da rashin tazara, komai ya cushe a gabansa. A bakin mare kuwa yana samun fili, da nesa, da farin wuri a tsakiyar baƙi. Faransawa sun bambanta mare da étang, wanda ya fi girma kuma galibi mutane ne suka datse ruwa suka yi shi domin kiwon kifi ko juya injin niƙa. Irin wannan ne Camille Corot ya yi ta zanawa tsawon rayuwarsa a Ville-d'Avray, inda mahaifinsa ya sayi gida a 1817, kuma irinsa ne Charles-François Daubigny ya kai Salon na 1853, tafkin Gylieu na kusa da Optevoz a gabashin Lyon.

Waɗannan manya da fentin mai suka yi suna, ko da yake Corot da Millet da Rousseau duk sun bar zane-zane na baƙi masu daraja. Abin da ya ba gawayi damar tsayawa da ƙafarsa shi ne ingantuwar ruwan manni da ake kira fixatif, wato ƙaro da aka narkar a cikin sifirit, wanda ke ratsa takarda ya riƙe ƙurar bayan sifirit ɗin ya bushe. Da farko a bayan takarda ake shafa shi da buroshi ya tsotso zuwa gaba, daga baya aka sami ƙaramin bututun fesawa da ake hurawa da baki, wanda ya ba mai zane damar manne mataki ɗaya ya ɗora wani a kai har baƙin ya yi zurfi. Masu yin takarda su ma sun ba da tasu gudummawa, domin gawayi yana bukatar takarda mai ɗan kaushi da za ta cije shi, kuma takardu masu siraran layuka a jikinsu, irin wadda ake kira Ingres da wadda ake kira Michallet, sun wadata a shagunan Faris a kan farashin da ɗalibi zai iya biya.

Hanyar aikin ita ce ta fi bayyana dalilin da ya sa tafki ya dace da gawayi. Mai zane da alƙalami ko fensir yana farawa da layi, ya kewaye siffa sannan ya cika ta, alhali mai gawayi yana farawa da shafe, ya kwantar da sandar a gefenta ya rufe sararin sama da ruwa da toka-toka mai laushi, ya murje da tsumma ko da tafin hannu har ta zauna daidai. A kan wannan shimfiɗa yake ɗora manyan duhun itatuwa a dunƙule, ba ya ƙirga ganye, sannan ya koma yana cire haske daga cikin duhu. Kayan cirewar suna da yawa kuma kowanne da aikinsa: akwai estompe, wato takarda ko fata da aka naɗe ta yi tsini, domin lallausa gefuna; akwai guntun fata mai taushi da ke ɗauke ƙura kaɗan ya bar gajimare; akwai amadou, wani irin naman kaza mai laushi na jikin itace da ake kama wuta da shi a da; akwai tsakiyar burodi da ake mulmulawa tsakanin yatsu, wadda ke ɗauke gawayi har farin takarda ya fito; akwai kuma 'yar wuƙar kankara domin ƙyallin da ya fi kowane kaifi. Da haka ne ake samar da ruwa. Ana saukar da duhun itatuwa ƙasa a tsaye, a ja shi da yatsa ko estompe don ya ɗan dushe fiye da itatuwan da ke sama, sannan a ratsa shi a kwance da 'yan siraran layukan fari na burodi, kuma waɗannan layuka biyu ko uku su ne ke shaida wa ido cewa abin da yake gani fuskar ruwa ce a kwance. Ganyen bado da ke yawo a kai, da dogayen ciyayin da suka huda ruwan, suna ƙara tabbatar da wannan shimfiɗa. Kogi mai gudu da teku mai igiya suna wargaza hoton da ke cikinsu, suna neman layi mai sauri. Tafki kuwa yana maimaita sama da itace a natse, don haka dukan zanen ya zama lissafin matakan haske da duhu, abin da masu sana'ar ke kira valeurs, kuma a wannan fage babu kayan aikin da ya kai gawayi yalwa, tun daga toka mai kama da hazo har zuwa baƙi ƙirin. Akwai ma wata dangantaka ta zahiri, domin itacen saule da ake yawan zanawa a bakin tafkin shi ne dai wanda ake ƙona rassansa a yi sandar da ke hannun mai zanen.

Mutum uku ne aka fi dangantawa da kafuwar sana'ar. Maxime Lalanne, wanda aka haifa a Bordeaux a 1827, ya fara da karatun shari'a kafin ya koma zane, ya shiga Salon a 1852 da zanen gawayi, ya kasance cikin waɗanda suka fara shiga ƙungiyar masu sassaƙa zane a farantin tagulla da Alfred Cadart ya kafa a 1862, sannan ya buga littafinsa Le Fusain a 1869. Hannunsa mai tsabta ne, yana son sarari da nesa, kuma ana ganin tarbiyyar mai layi ko a cikin shafensa. Adolphe Appian na Lyon ya fito daga makarantar da ke horar da masu tsara adon yadin siliki, sana'ar da birnin ya shahara da ita, kuma haɗuwarsa da Corot da Daubigny a farkon shekarun 1850 ce ta mayar da shi ga shimfiɗar ƙasa. Ya yi aiki a yankunan Crémieu da Optevoz da Bugey, ƙasar duwatsun farar ƙasa da fadamu, manyan zane-zanensa na gawayi kuma suna da nauyi da kaɗaici waɗanda babu su a wurin Lalanne: itatuwa marasa ganye, ruwa mai duhu, mutum ɗaya ƙarami da sandar kamun kifi ko mace a bakin gaɓa. Na ukun shi ne Auguste Allongé, haifaffen Faris a 1833, ɗalibin Léon Cogniet, wanda ya tare a Marlotte a gefen dajin Fontainebleau har ya rasu a can a 1898, shekarar da Appian ma ya rasu. Allongé ne ya fi kowa mayar da tafkin daji abin da aka san shi da shi, musamman inda fararen itatuwan bouleau ke tsaye a gaban kurmi mai duhu, domin farin ɓawonsu yana ba mai burodi da wuƙar kankara damar nuna gwaninta. Littafinsa, shi ma mai suna Le Fusain, ya fito a 1873, aka fassara shi zuwa Ingilishi a Amurka, ya kuma buga jerin faranti na koyi waɗanda ɗalibi zai kwafa mataki-mataki.

Waɗannan littattafai sun yi nasara saboda sun sami jama'ar da ke jiran su. Fentin mai yana bukatar kuɗi da ɗaki da shekarun koyo, gawayi kuwa yana bukatar takarda da allo da ɗan burodi, kuma mai koyo yana iya samun abin da zai rataya a bango cikin 'yan makonni, kuskurensa kuma yana goguwa da bugun tsumma. 'Ya'yan masu hali, musamman 'yan mata waɗanda makarantar zane ta gwamnati a Faris ba ta buɗe wa ƙofa ba sai a 1897, da ma'aikata masu ritaya, da malaman makaranta a garuruwan lardi, duk sun rungumi wannan hanya. Wani marubuci da ke sa hannu da sunan Karl Robert ya fitar da littafin da takensa ke alkawarin koyon gawayi ba tare da malami ba, aka yi ta sake buga shi. Zamanin ma ya saba wa ido da baƙi da fari, domin hoton kyamara, wanda aka bayyana wa duniya a Faris a 1839, ya shiga dajin tare da masu zane, Gustave Le Gray da Eugène Cuvelier sun ɗauki itatuwa da duwatsun da ake zanawa, mujallu masu hoto kuma suna bukatar zanen da za a iya bugawa ba tare da asarar launi ba. An fara baje kolin baƙi da fari a zauren Dudley na Landan a 1872, inda Faransawa suka sami masu saye, Faris kuma ta buɗe nata babban baje kolin na wannan nau'i a 1885.

Amma akwai abin da waɗannan zane-zane suka yi shiru a kansa, kuma tarihin sana'ar ba ya cika sai an ambace shi. A daidai lokacin da mutanen birni ke rataya tafki a falonsu a matsayin alamar natsuwa, hukuma da likitoci suna kallon ruwa kwance a matsayin maƙiyi. Tun a watan Disamba na 1793 majalisar juyin juya hali ta ba da umarnin a busar da tafkunan ƙasar, saboda ana ganin su gadon gidajen ibada da masu sarauta ne da suka cinye gonaki suka bar talaka da zazzaɓi, kuma ko da yake an janye dokar ba da daɗewa ba, ra'ayin bai mutu ba. Misali mafi girma shi ne yankin Dombes a arewacin Lyon, ba nisa da inda Appian ke aiki, inda tun tsakiyar zamanai aka datse tafkuna masu ɗimbin yawa a ƙasar yumɓu, ana bin wani tsari na musamman: a bar ruwa shekara biyu ana kiwon kifi, a buɗe madatsa a kwashe kifin, a noma ƙasan tafkin shekara guda, sannan a sake cika shi. Tsarin yana da hikima, domin laka tana takin gona, ragowar amfanin gona kuma tana ciyar da kifi, amma mazauna yankin sun sha fama da zazzaɓin cizon sauro, wanda a lokacin ake ɗora wa mugun tururin fadama, tun da Alphonse Laveran bai gano ƙwayar cutar ba sai a 1880 a Aljeriya, rawar sauro kuma ba ta tabbata ba sai a ƙarshen ƙarnin. A zamanin Napoleon na Uku aka ɗaura wa kamfanin da ya shimfiɗa layin dogo a Dombes sharaɗin busar da kimanin hekta 6,000 na tafkuna, aka yi irin wannan aiki na magudanai da dashen itatuwa a Sologne da Landes. A 1901 ne doka ta sake ba da izinin mayar da ruwa a tafkunan Dombes, waɗanda a yau sun haura dubu.

Ba a ganin wannan gwagwarmaya a takardun Allongé ko na ɗalibansa. Manomin da ke cikinsu ɗigo ne da aka sa domin a auna tsawon itace da shi, ba a ganin mai rawar ɗari, ba a ganin rigimar mai kifi da mai gona a kan wa ke da ruwa wa ke da ƙasa. Wannan gazawa ce ta gaske, kuma ita ce ta raba mafi yawan masu gawayin tafki da Millet, wanda bai taɓa yarda ƙasa ta ɓoye wahalar mai nomanta ba, da kuma Léon Lhermitte, wanda ya shiga Salon a 1864 da zanen gawayi na bakin kogin Marne, ya kuma shafe rayuwarsa yana zana masu girbi da masu wanki da masu saƙa da wannan sanda, har Vincent van Gogh ya riƙa yaba shi a wasiƙunsa. Duk da haka ba daidai ba ne a ce ƙaunar masu zane ga ruwa da itace ado ce kawai marar sakamako. Lokacin da hukumar gandun daji ta dasa dubban hekta na itacen pin a filayen Fontainebleau, tana shirin sare tsofaffin itatuwan chêne masu ɗaruruwan shekaru, masu fasa dutse kuma suna kwashe falalen da ke riƙe ruwa domin daɓe titunan Faris, Rousseau ya kai kuka ga Napoleon na Uku a 1852, kuma a ranar 13 ga Agusta 1861 aka fitar da dokar da ta keɓe hekta 1,097 na dajin daga sara domin kyawunsu, shekara goma sha ɗaya kafin Amurka ta kafa gandun Yellowstone. Wuraren da masu gawayi suka zauna suna aiki a shekarun da suka biyo baya sun ci moriyar wannan kariya, zanensu kuma ya ƙara yawan mutanen da ke ganin dajin abin tsarewa ne.

Faɗuwar sana'ar ta fito ne daga cikin nasararta. Da zarar an rubuta hanya a littafi, aka ce duhu a nan, haske a can, layin fari uku a kan ruwa, sai dubban hannaye suka iya samar da tafki ba tare da sun taɓa zama a bakin ko ɗaya ba, kuma tafkin da aka kwafa daga faranti ba na Fontainebleau ba ne, ba na Bugey ba ne, ba shi da lokacin shekara ko sa'ar yini. Mai duba irin waɗannan takardu da yawa yakan gane bambancin da sauri: a aikin Appian mai kyau ana iya sanin cewa ƙasan ruwan dutse ne, cewa kaka ta wuce, cewa ruwan ya ja baya ya bar laka, alhali a aikin mai kwafi komai yana da taushi iri ɗaya. A gefe guda kuma, masu zanen da suka yi baje kolinsu na farko a 1874, su Monet da Renoir da Sisley, waɗanda su ma sun yi aiki a wannan daji a ƙuruciyarsu, sun koya wa jama'a cewa inuwa tana da launi, cewa ruwa shuɗi ne da kore da ruwan hoda a lokaci guda, kuma wanda ya karɓi wannan darasi sai ya ga toka-tokar gawayi ta tsufa. Baƙin kansa bai mutu ba, hanya ya sauya. Odilon Redon, wanda ya fara da zanen itatuwa da fadamun yankin Médoc inda ya tashi, ya yi amfani da dabarun nan na shafe da cirewa wajen zana abubuwan mafarki, ya kira ayyukan nasa baƙaƙe, Georges Seurat kuma ya ɗauki takardar Michallet da fensirin Conté mai maiƙo ya gina siffofi daga duhu ba tare da layi ba. Tarihi ya riƙe sunayen waɗannan biyu, ya bar su Allongé da Lalanne ga masu tara tsofaffin takardu, ko da yake fagen da aka yarda cewa zanen baƙi kammalallen aiki ne su Allongé ɗin ne suka share shi.

Takardun da suka rage suna ɗauke da matsalar da aka haife su da ita. Ƙaron da aka manne su da shi yana rinewa da shekaru, shi ya sa da yawa daga cikin zane-zanen da aka yi a kan farar takarda ko mai shuɗi-shuɗi suka koma ruwan zuma, sararin saman da mai zane ya nufa da sanyin safiya ya zama kamar na faɗuwar rana, kuma wannan canji ba ya komawa baya. Inda mannin bai isa ba, ƙurar tana nan a sake kamar ranar da aka ɗora ta, don haka masu adana kayan tarihi ba sa barin gilashi ya taɓa fuskar zanen, suna guje wa robar da ke jan ƙura da ƙarfin lantarkin gogayya, suna ɗaukar takardar a kwance, suna kuma taƙaita watannin da za ta yi a bango a ƙarƙashin haske mai rauni. Saboda haka mafi yawan ayyukan Appian da Lalanne da Allongé da gidajen tarihi na Faris da Lyon da Bordeaux suka mallaka suna cikin akwatunan ɗakin ajiya, inda mai bincike ke neman izini kafin a fito masa da su, sauran kuma suna hannun iyalai da 'yan kasuwar gwanjo, tare da ɗimbin kwafin ɗalibai da sai an duba takarda da sa hannu da irin mannin kafin a raba su da aikin malamansu.